Faifan da Ya Tsaya a Malumfashi

A shekarar da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, in ka ce kwamfuta a Malumfashi sai a tambaye ka ko sunan magani ne. Amma akwai guda ɗaya a garin, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, bayan ajin yaƙi da jahilci na wata majami'a. Tana kan tebur an lulluɓe ta da tsohon zanen atamfa, kusa da ita ga injin bugawa mai ƙara kamar keken ɗinkin da ya daɗe bai ga mai ba. Matan zumuntar majami'ar sun taɓa leƙawa sau ɗaya, suka ga baƙin gilashi da koren rubutu, suka ce talabijin ce da ba ta nuna kowa, suka koma harkarsu. Mutum ɗaya ce ta san kan na'urar, ita ce Liatu mai buga takardun ofishin.

Liatu ta doshi arba'in a lokacin. Mijinta direban motar auduga ne, hanyar Funtua ta cinye shi wata kaka, bai bar mata ɗa ba, ya bar mata ɗaki biyu da rediyo. Asalinta 'yar wani ƙauye ce a bayan Gozaki, inda uwarta Tsohuwa take zaune a kan addinin kakanni. Tana ƙarama aka kai ta makarantar mishan, aka yi mata baftisma, sunanta na gida Sabuwa ya koma Liatu. Tun daga nan ta zama mai gida biyu da ba ta da tabarma a ko ɗaya. A majami'a, in ta ba da baya, 'yar Maguzawa ce. A ƙauye kuma 'yar mishan. Ba wanda ya ƙi ta, a yi wa mutane adalci, ana gaishe ta, ana kai mata tuwon biki. Sai dai ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take yi daga safe zuwa la'asar, ita kuwa abin da take so a tambaye ta ke nan.

Wani Bature ne ya kawo na'urar, Malam Mark, mai aikin littattafan koyon karatu. Ya lura Liatu ba buga rubutu kawai take yi ba, so take ta san abin da ya sa injin yake yin yadda yake yi. Sai ya shiga koya mata yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, har ta yi abin da ake so. Kafin karatun ya nuna, sai ciwon hanta ya kwantar da shi, aka ɗauke shi zuwa Jos, daga can sai ƙasarsu. Ya bar mata na'urar da wani littafi mai kauri, ya kuma bar mata gurbinsa a zagayen faifai.

Ga yadda zagayen yake. A wancan zamani ba yanar gizo, ba waya a aljihu. Masu irin wannan aiki a ƙasashe dabam-dabam, yawancinsu kowa shi kaɗai a lungunsa, sun haɗa kai suna tara 'yan guntayen umarni a kan wani baƙin faifai mai laushi da bai fi faɗin tafin hannu ba. Wannan ya rubuta guntun da ke daidaita layuka su tsaya cif a gefen shafi, wancan ya rubuta mai jera kalmomi bi da bi don yin ƙamus, wata ta rubuta mai sa lambar shafi. Ba na sayarwa ba ne, ba a kuma ɓoye yadda aka ƙera shi. Kowa na iya buɗewa ya karanta, ya ɗauka, ya gyara, in ya gyara ya faɗi abin da ya taɓa. Malam Mark yana kiran tarin da wani sunan Turanci, Liatu kuwa rumbu take ce masa. Ta gidan waya faifan yake tafiya: daga Kisumu ta Kenya ya je Tamale ta Gana, daga Tamale ya zo Malumfashi, daga nan ya wuce Ngaundare ta Kamaru, haka har ya zagayo. Dokar ɗaya ce: ka kwafi abin da ka tarar, ka ƙara in kana da abin ƙarawa, kada ya wuce mako biyu a hannunka.

A saman kowane guntu akwai 'yan layukan da na'ura ba ta karantawa, an bar su don mutane. Wurin bayanin aiki ne, amma da yake ɗan Adam ba ya rabo da surutu, nan suke gaisawa, ta nan kuma Liatu ta san su. Ta san Isaiah na Ngaundare, wanda in zai yi bayanin layi uku sai ya cika shafi, kuma ba ya rufewa sai ya faɗi ko an yi ruwa a garinsu. Ta san Yunis ta Tamale, mai aiki tsaf-tsaf, wadda 'yarta ke fama da fuka. Ta san wani tsoho mai faɗa a Kisumu da ba ya ganin aikin kowa bai sami abin kushewa ba. Ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, su ma a saninta ba su san da ita ba, tunda Malam Mark ne ke rubutawa. Duk da haka in ta koma gida da yamma tana tankaɗen gari, da su take hira a zuci. Har takan yi wa tsohon Kisumu gardama a fili, kaji suna kallonta.

Ana tsakiyar ɗibar auduga, wata Juma'a, Malam Ɗanjuma na gidan waya ya miƙo mata ɗan ƙunshi ta taga.

"Malama Liatu, yau kayan Baturenku da sunanki ya zo," ya ce yana jujjuya shi. "Ko dai miji kika yi a Gana ba mu ci goro ba?"

"Aiki ne, Malam."

"To, Allah ya sa aikin ya kai ga goro."

Ba ta bi ta kasuwa ba ranar. Ta koma ofis, ta yaye atamfar, ta zura faifan. A can sama, kafin kowane aiki, Yunis ta rubuta cewa sun ji Mark ya tafi gida, suna yi wa Liatu maraba, kuma Mark ya gaya musu hannunta ya fi nasa. Tsohon Kisumu ma ya sa baki da wata magana, wadda in aka mai da ita Hausa, mu gani a ƙasa ke nan. Liatu ta karanta, ta sake karantawa, ta tashi ta rufe taga don kada wani ya ga mace da girmanta tana hawaye a gaban akwati. Murna ce ta kama ta, irin wadda ta manta ɗanɗanonta. Kafin magariba ta kwafe duk sabon abin da ke ciki.

Ranar Litinin ta sa faifan a ambulan, ta rubuta adireshin Isaiah, ta ɗauko gam za ta liƙe. A nan hannunta ya tsaya.

Tana 'yar shekara shida ko bakwai, wata maƙwabciyarsu ta aiko musu da dambu a kwano. Da aka cinye, Sabuwa ta wanke kwanon tas, ta ruga ta mayar, ta dawo tana jiran yabo. Muciya ta samu. Tsohuwa ta riƙe mata kunne ta ce ba a mai da kwanon mutane wayam, ko gyaɗa ce a zuba, ko kuka, ko ɗan gishiri, don wadda ta mai da kwano ba komai ta shaida wa unguwa ita ci kawai ta iya. Abubuwa da yawa na gidan uwarta makarantar mishan ta wanke mata, amma wannan bai fita ba.

Yanzu ga mutane sun cika mata kwano har da maraba a sama, ita kuma za ta miƙa shi gaba ba ko ƙwaya? Gaskiya dokar ta ce ka ƙara in kana da abin ƙarawa. Amma Liatu ta san irin wannan magana tun tana goye. Ita ce irin ta mai gida in ya ce wa baƙo, haba, da ba ka wahalar da kanka ba, alhali idonsa na kan tsarabar. Kara ce kawai suka yi mata, ta ce a ranta, mai hankali kuwa ba ya ɗaukar kara a matsayin izini. Ta zare faifan daga ambulan ta mayar da shi kabad.

Ta ma san abin da za ta zuba. Fasto Istifanus, shugaban majami'ar, ya daɗe yana so a sake buga littafin waƙoƙi. A tsohon, baiti yakan rabu biyu, rabi a ƙasan shafi rabi a bayansa. Ana tsakiyar waƙa sai ka ji majami'a ta yi tsit, ba abin da ke tashi sai ƙarar takarda, mai ganga yana ta bugu shi kaɗai kamar mahaukaci, sannan a kamo waƙar a makare kowa da inda ya kama. Duk rumbun ba guntun da ke maganin wannan. Ita za ta rubuta wanda zai auna baiti kafin ya ajiye shi, in wurin bai isa ba ya ɗauke shi ɗungurungum ya kai shafi na gaba, amshi kuma ya tura shi ciki kaɗan don ido ya gane shi. Tabbas su Yunis ma suna buga littattafan waƙa. Mako biyu ya isa, in ji ta.

Mako biyu bai isa ba. Da rana aikin ofis ne, wasiƙu da rahoton taro da sunayen masu baftisma. Nata lokacin daga tashi aiki ne zuwa faɗuwar rana, sai kuma Asabar. Wutar lantarki kuwa kamar ta san lokacin da Liatu ta manta ba ta adana aiki ba, a lokacin take ɗaukewa. Gwajin farko ya ba kowane baiti shafinsa shi kaɗai, littafin ya kumbura ya fi Littafi Mai Tsarki. Na biyu ya haɗiye amshi gaba ɗaya. Na uku ya shiga zagaye wuri ɗaya ya ƙi tsayawa, sai da ta kashe na'urar. Ba ta da wanda za ta tambaya. Sai ta buɗe aikin Yunis ta bi shi layi-layi da yatsa a kan gilashi, ta ga yadda ta ɗaure nan ta kwance can, ta koma nata ta gwada. Wani lokaci ta dace, ta waiga da dariya a bakinta, ba kowa a ɗakin sai ƙadangare a jikin taga.

Bayan Kirsimeti kati ya zo daga Ngaundare. Isaiah ya ce faifai bai iso ba, ko ya zo hannunta? Ya ƙara da cewa ana sanyi a garinsu. Liatu ta tura katin ƙarƙashin atamfa. Me za ta ce? Yana hannuna, ban gama ba? Kunya ta rufe ta. Kuma lissafin kwano kowa ya san shi: wanda ya kwana ɗaya gyaɗa ta ishe shi, wanda ya yi wata biyu kuwa sai kaza. Tunda ta riga ta makara, dole abin da za ta zuba ya kai girman makarar. Sai ta ƙara wa aikin buri. Zai sa wa waƙoƙi lamba da kansa, zai kuma tattara farkon kowace waƙa ya jera a ƙarshen littafi.

Wajen Ista kati na biyu ya zo, gajere, ba ko labarin ruwa. Daga shi ba a sake ba.

Wata rana Fasto Istifanus ya leƙo karɓar wasiƙa, ya tsaya yana dubanta.

"Malama Liatu, kin rame. Akwatin nan jininki yake sha ne?"

"Baba Fasto, kayan wasu mutane nake riƙe da shi, ya daɗe a hannuna."

"Na ikilisiya ne?"

"A'a, wasu ne can nesa. Mu ne muke..."

"To, in ba na ikilisiya ba ne da sauƙi. Ki miƙa wa Ubangiji. Mu dai littafin waƙa muke jira."

Mutumin kirki ne, ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga idonsa ya riga ya koma kan babur ɗinsa, ana jiransa a Mahuta wajen jana'iza. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Damina ta sauka, masara ta kai gwiwa, ta wuce. Aka aiko daga ƙauye cewa ƙafar Tsohuwa ta kumbura. Liatu ta sayi man zafi da sabulu, ta hau a-kori-kura zuwa Gozaki, daga nan ta ratsa gonaki da ƙafa. Ta yi zaton za ta tarar da uwarta a kwance. A tsaye ta same ta a tsakar gida, ta dogara sanda, tana huci a kan wasu manyan ƙore cike da ƙullun dawa.

"Inna, sannu. Lafiya kuwa?"

"Ina lafiya, Sabuwa? Baturiya ta riƙe tukunya."

Tukunyar nan ta ƙarfe ce, ƙatuwa, matan ƙauyen ne suka haɗu suka sayo ta a kasuwar Funtua tun da daɗewa, don dafa giyar gayya. Ba ta da gida. Yau tana nan, gobe tana can, kowace mace ta san ranarta, da wannan ranar take auna lokacin jiƙa dawa da shanya tsiro da niƙa. Jibi maza za su taru a yi wa Labo, ƙanin mahaifin Liatu, maimai a gonarsa, gayya kuwa ba giya ba gayya ba ce. Tsohuwa ta yi komai a kan lokaci. Tun jiya ya kamata tukunya ta iso, ga ƙullu ya fara canja wari.

Tsohuwa ba ta tsaya a shafa mata man zafi ba. Ta ja ƙafar ta nufi gidan Baturiya, wata matashiyar mata da ake kira haka don haskenta, wadda aka auro daga wajen Maska, Liatu na biye da ita. Suka tarar da tukunyar an wanke ta fes an jingine a jikin rumbu.

"Iya, sannu da zuwa," Baturiya ta ce tana durƙusawa. "Da kin zauna ai. Na ce ne in bari tawa ta nuna, in haɗo miki da ƙwarya ɗaya ki ɗanɗana. Na ga bai kamata in aiko da ita haka ba komai ba."

"Wa ya tambaye ki ƙwarya?" Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa. "Kwano ne wannan? Kwano na mai shi ne, tsakaninki da ita ne, ki riƙe shi shekara in kin ga dama. Wannan ta kowa ce. Ki gama, ki wanke, ki miƙa gaba, shi ke nan abin da ake nema a wurinki. Ina can ƙulluna yana mutuwa, ke kina nan kina yi mini kara!"

Baturiya ta shiga ba da haƙuri. Liatu ba ta ji sauran ba. An ɗauke ta daga gidan uwarta kafin ta kai shekarun da ake aiken yarinya ɗauko tukunya. Ta tafi da hukuncin kwano, ba ta tsaya ta ji na tukunya ba, kuma duk shekarun nan ba ta san rabi ta ɗauka ba.

Ita da ba ta taɓa abin giya tun baftisma, ita ta naɗa gammo ta ɗora tukunyar a ka. A hanya ta ce, "Inna, in mutum ya riƙe ta wata da watanni fa?"

"Ba a taɓa yi ba."

"In an yi?"

"Sai a sayi wata, a daina bi ta ƙofarsa." Tsohuwa ta tsaya ta gyara riƙon sanda. "Ba faɗa ba ne. Mutane ne ba za su zauna da ƙishirwa suna jiransa ba. Me ya kawo tambayar, ku da ba ku sha?"

"Ba komai, Inna."

Ta hura wa uwarta wuta, ta shafa mata man, washegari da sassafe ta kama hanya. In za a faɗi gaskiya aikin ya daɗe da kammaluwa, goge shi kawai take ta yi don kada tsohon Kisumu ya sami abin faɗa. Ta zuba shi a faifan yadda yake. A sama ta rubuta layi biyu, ta ce laifinta ne, faifan bai ɓata ba, a hannunta ya tsaya, su yafe mata. Ta kai gidan waya da kanta.

"Mijin Gana ya koma Kamaru ke nan?" in ji Malam Ɗanjuma yana buga hatimi.

Ta yi masa murmushi don kada ya ji kunya.

Sai jira. Kowace Juma'a takan bi ta gidan waya, tun Malam Ɗanjuma yana yi mata ba'a har ya daina, ya koma girgiza kai tun daga nesa don ya rage mata tafiya. A cikin wannan jiran aka gama sabon littafin waƙoƙi. Ranar Lahadin da aka fara amfani da shi majami'a ta rera waƙa daga farko har ƙarshe ba tsayawa, mai ganga bai yi bugu shi kaɗai ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya lura. Mutane ba su ganin ramin da aka cike, sai wanda suka faɗa. Fasto ya yaba kyan bangon littafin, aka yi tafi.

An girbe dawa, an sake ɗibar auduga, sabuwar shekara ta shigo, sannan ƙunshi ya zo daga Ngaundare. A ciki akwai faifai da 'yar takarda. Isaiah, mai cika shafi, rabin shafi kawai ya rubuta. Ya gode wa Allah da tana raye. Ya ce sun jira, da suka gaji suka harhaɗa wani faifan daga abin da kowa ya kwafa, ya riƙa tsallakowa daga Tamale zuwa wurinsa kai tsaye. Amma yanzu zagayen ma ya ƙare. Yunis ta koma Akara saboda jinyar 'yarta, can kuma sun fara aika aiki ta wayar tarho. Tsohon Kisumu ya rasu da damina. Shi kansa ana rufe ofishinsu, an riga an sa na'urarsa a kwali. Kafin a sa ta ya gwada guntunta a kan littafin Zabura, ya yi aiki tashin farko ba gyara, abin takaici ba sauran wanda zai miƙa wa. Faifan da ya aiko shi ne na ƙarshe da ya zagaya, ya ga ya kamata ta gani.

Ta jira aka tashi aiki, ajin yaƙi da jahilci ya watse, sannan ta zura shi. Ba ta nemi sabbin guntaye ba. Layukan sama ta bi, waɗanda aka bar wa mutane.

Isaiah ne ya fara: ba labarin Malumfashi, ya aika kati har biyu.

Yunis ta amsa a ƙasa. Ko ba ta da lafiya ne? Mark ya ce ita kaɗai take zaune, ba ta da kowa a gida. In akwai wanda ya san wani a Zariya, don Allah ya sa a tambaya.

Sai tsohon Kisumu. Ya ce shi ne ya tsorata ta da bakinsa, ya sani. In ta ɓullo a gaya mata wasa yake yi, ba sai ta rubuta ko layi ɗaya ba, shi kansa ya shekara biyu yana kwasa kawai kafin ya iya ƙara wani abu.

A zagaye na gaba Yunis ta ce 'yarta tana sa Liatu a addu'ar safe, yau ma ta tambaya ko an gan ta. Wani da Liatu ba ta ma san sunansa ba ya ce ya rubuta wa wani limamin coci a Kaduna, ba amsa. Isaiah ya ce har yanzu shiru.

A na bayansa kalma ɗaya ce, da alamar tambaya: Malumfashi?

Daga nan sai maganar lambar shafi, da wani kuskure da aka gano a mai jera kalmomi, da godiya ga wanda ya gyara. Ta bi har ƙasa. Sunanta bai sake fitowa ba.

Liatu ta janye hannu daga na'urar. Duk watannin da take ɗakin nan ita kaɗai tana ganin ba ta da kowa a duniya, ashe ana can ana cigiyarta a ƙasa uku, har yarinya mai fuka tana kiran sunanta da safe. Ba abin da suke nema a wurinta sai ta ce uffan, ita kuwa ta toshe bakinta da kanta tana tara musu abin da ba su tambaya ba. Kaɗaicin da ta saba da shi ya dawo mata sabo, ya fi na da nauyi, don da ba ta san abin da ta rasa ba.

Ta koma sama, wurin da aka rubuta Malumfashi da alamar tambaya. Ta buɗe sabon layi a ƙarƙashinsa. Da Turanci ake rubutu a wurin, amma tunda ba mai karantawa, da Hausa ta rubuta.

Ina nan. Lafiyata ƙalau.

Ta adana. Na'urar ta ɗan yi gurnani ta karɓa, ba ta tambaye ta wa za a kai wa ba. Liatu ta ajiye hannuwanta a cinya, tana kallon koren layin har aka ɗauke wuta.